Darasi na 14: Juye fetur da famfo a jirgin ruwa, duro da injin ban ruwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Funtuwa zuwa Gusau, ko a tashar Tsafe, ya ga yadda ake juye fetur. A zura tiyo cikin tanki, a kafa baki a ɗaya ƙarshen, a zuƙa har man ya taso, a yi maza a tofar, a jefa bakin tiyon cikin jarka. Haka direba yake yi, haka ɗan bumburutu, haka manomin rani idan ya tashi daga fadama ba ya son barin mai ya kwana a cikin inji. Aikin ya ƙaru tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Abin da ya yi wannan tsada ba mai barinsa a tankin da ba ya aiki. Kowa na tsiyayewa, kowa na juyewa.

A wannan darasi za mu koyi yadda ake ɗora ƙaramin famfo domin wannan aiki. Za mu ɗauki jirgin ruwa mai inji a matsayin misali, duk da cewa a ƙasar Tsafe ba mu da ruwan da ke ɗaukar irinsa. Dalili shi ne jirgi ya fi kowane wuri rashin yafe kuskure, kuma 'yan'uwanmu da ke zuwa ci-rani Yawuri da bakin tafkin Kainji suna aiki a cikinsa. Wanda ya iya ɗora famfo a jirgi, ɗora shi a kan duron gona ko tankin janareto ba zai gagare shi ba.

Kafin komai, ku tuna da doka. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta hana sayar da fetur a jarka a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, kuma irin wannan umarni yakan sassauta, yakan dawo. Kafin mutum ya ɗauki jarka ya hau hanya, ya tambayi abin da ake ciki a lokacin.

Abin da ke kamawa da wuta

Yawancin mutane ruwan fetur suke tsoro. Amma abin da ke fara kamawa shi ne tururinsa, wannan da hanci ke ji ido ba ya gani. Fetur yana fitar da tururi mai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin bazarar Zamfara. Dizal, wanda muke kira gas, sai ya yi zafi ya wuce digiri 50 kafin ya yi haka. Shi ya sa kayan da ake juye gas da su lafiya lau suke iya hallaka mutum idan ya juye fetur da su.

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama ya watse, gangarawa yake yi kamar ruwan sama, ya nemi kwari ya kwanta. A jirgi, cikin ƙasan jirgin yake taruwa, ƙarƙashin katakon da fasinja ke takawa. A gari kuma, daɓen shago, ramin gareji, ko zauren da aka ajiye duro aka rufe ƙofa. A fadama akwai wuri guda da ya kamata kowane manomi ya lura da shi: ramin da ake haƙawa a saukar da injin ban ruwa domin ya kusanci ruwa idan rani ya yi nisa. Mutum ya sauka ciki da jarka, ya zuba mai ya ɗan malale, ya ja igiya nan take. Wannan rami ya cika da abin da ba ya gani.

Ba ya buƙatar yawa. Idan tururin ya kai kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Tartsatsin nan kuwa ba sai daga ashana ko sigari ba. Yana fitowa daga kan batir lokacin da aka taɓa masa waya, daga makunnin fitila, daga cikin injin da ke juyawa, har ma daga jikin jarkar roba. Wanda ya taɓa tuɓe rigar sanyi da dare a cikin hunturu ya ji tana ƙas-ƙas, ya ga ɗan haske, to ya ga irinsa. Fetur da ke gudu cikin tiyon roba a busasshiyar iska yana tara irin wannan wuta.

Ranar 18 ga Janairu 2025, wata tankar mai ta faɗi a mahaɗar Dikko da ke ƙaramar hukumar Gurara a jihar Neja. Aka kawo wata tankar domin a juye man, aka tayar da janareto a wurin, ga jama'a sun taru suna ɗiba. Wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka rasu. Watanni uku kafin nan, a Oktoban 2024, garin Majiya na jihar Jigawa ya rasa fiye da mutum 150 a gobarar tankar da ta kife. Allah Ya jiƙansu. Abin da ya faru a Dikko shi ne ainihin darasinmu: an zo juye mai, aka kawo injin da ke tartsatsi cikin tururi. Lita 25 a cikin kwale-kwale da lita dubbai a kan titi, ƙa'idar ɗaya ce.

Wane famfo?

Mafi sauƙi shi ne ƙwallon roba da ake matsawa da hannu, irin wanda ke kan tiyon injin jirgi. A jikinsa akwai kibiya da ke nuna inda mai zai nufa. Ka sa ƙarshe ɗaya a tanki, ɗaya a jarka, ka matsa sau da yawa har man ya taso, daga nan zai ci gaba da zuba da kansa muddin tankin ya fi jarkar tudu. Aikin da baki yake yi, shi yake yi, ba batir, ba waya. A ganina, mai babur da mai ƙaramin janareto da yawancin manoman rani ba su buƙatar abin da ya wuce wannan. Mai duro a tsaye kuma akwai famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin duro ana juyawa, sai dai a tabbatar an yi shi domin fetur.

Famfon lantarki yana shigowa ne inda tudu ya ƙi. Tankin jirgi a ƙasa yake, jarkar da za a zuba tana bakin gaɓa, sama da shi. Mai ba ya hawa tudu da kansa, dole a tura shi.

A nan ake yawan kuskure wajen saye. Kasuwa cike take da famfunan batir masu kyan gani, masu saurin zuba, waɗanda a jikin kwalinsu an rubuta da Turanci cewa na dizal ne kaɗai. A cikinsu akwai ɗan gawayi da ke gogar ƙarfe yana tartsatsi duk lokacin da suke juyawa. Kada ku yarda a ce muku duk ɗaya ne. Haka nan famfon ruwa, da famfon cikin tankin motocin zamani da ake samu wurin masu gwangwan: wannan an yi shi ne ya zauna nutse cikin mai, man ne ke sanyaya shi, kuma ƙarfin turinsa ya ninka abin da muke so sau goma, yana iya fizge tiyo ya watsa fetur a fuska. Araha ba ta ado.

Abin nema shi ne ƙaramin famfon fetur mai aiki da batir na bolt 12, rufaffe ruf, irin wanda ake sa wa tsofaffin motoci masu kafireto. Yana yin ƙara tik-tik-tik idan yana aiki, wutar da yake ja ba ta wuce amfiya 2 ba, kuma da yawansu suna tura kusan lita 100 a awa. Wato jarkar lita 25 za ta cika cikin kimanin minti 15. Ba shi da sauri, kuma rashin saurin nan alheri ne. Wanda aka yi musamman domin jirgi yakan zo da lambar ISO 8846 ko SAE J1171 a jikinsa, alamar cewa an gwada shi ba ya kunna tururi. Wanda bai iya karanta kwalin ba ya tafi da wanda ya iya.

Sauran kaya: tiyon fetur baƙi mai zare a ciki, yawanci mai faɗin milimita 8, kilif na ƙarfe mai noti ga kowace mahaɗa, matatar mai, bawul mai buɗewa da rufewa, mahaɗa mai baki uku, fis na amfiya 5 da gidansa, makunni irin wanda sai an danne yake aiki, jar waya da baƙar waya. Farin tiyon da magina ke gwada daidaiton gini da shi, da koren tiyon ban ruwa, ba na fetur ba ne. Mai yana cinye su a hankali, su yi tauri, su tsage ba sanarwa.

Yadda ake ɗorawa

A yi aikin da rana, a fili, inji a kashe ya huce. Farkon abin da hannu zai taɓa shi ne batir: a kwance kan da ke da alamar ɗebewa, a kawar da wayar gefe yadda ba za ta komo ta taɓa ba. Ba za a mayar da ita ba sai an gama komai.

Sai a zaɓi mazaunin famfo. Irin wannan famfo ya fi iya turi a kan ja, don haka ana ɗaure shi kusa da tanki, ƙasa-ƙasa, kada ya ɗara gindin tankin da fiye da santimita 30. Amma a jirgi akwai ruwan da ke taruwa a ƙasa, saboda haka a kafa ɗan katako a jikin haƙarƙarin jirgin, sama da inda ruwan ke kaiwa, a ɗaure famfon a kai da noti biyu. Ya yi nesa da salansa, ya yi nesa da batir. Kada a bar shi yana reto a jikin tiyo, girgizar inji za ta sassauta mahaɗun.

Yanzu hanyar mai. Idan tankin yana da wata kafa ta daban da za a zura bututu har ƙasa, ita ta fi, domin ba a taɓa hanyar da inji ke sha ba. Idan babu, sai a yanke tiyon da ke zuwa inji a kusa da tanki, a sa mahaɗa mai baki uku. Baki biyu sun mayar da tsohuwar hanya yadda take, na ukun shi ne reshenmu. Abu na farko a kan reshen nan shi ne bawul, kuma ina so ku riƙe dalilinsa. Inji zuƙo mai yake yi. Idan reshen a buɗe yake, iska zai zuƙo ta nan maimakon mai, ya yi tari ya mutu, wataƙila a tsakiyar kogi da fasinja. Bawul ɗin nan kullum a rufe yake, sai lokacin juye mai kawai.

Bayan bawul sai matata, bayan matata sai famfo. Matatar tana gaba ne domin tsatsa da yashin gindin tanki kada su shiga famfon su toshe shi. A duba kibiyar da ke jikin matata da ta jikin famfo, duka su kalli waje, wato inda jarka take. Daga bakin famfo sai dogon tiyon da zai kai gaɓa, a yi masa toshi a ƙarshe, a samar masa ƙugiyar ratayewa sama da tanki. Kowace mahaɗa a tura tiyon har ya shige sosai, a ɗaure da kilif. Robar tayar keke da wayar ɗaurin rodi ba su maye gurbin kilif.

Wajen waya ne gwaninta take. Jar waya ta tashi daga kan batir mai alamar tarawa, ta shiga fis tun ba ta yi taƙi ɗaya ba, ta wuce makunni, ta isa famfo. Fis yana kusa da batir ne domin idan waya ta goge ta haɗu da 'yar'uwarta a ko'ina, shi zai ƙone kafin wayar ta yi ja. Wanda ya cire fis ya naɗa zaren waya a gurbinsa ya cire mai gadi ne. Baƙar waya kuma, a mota akan ɗaure ta a jikin ƙarfen mota a wuce wurin. Jirgin katako ko na roba ba shi da wannan, dole a ja ta ta koma har kan batir. Bakin kowace waya a matse shi cikin kan waya na ƙarfe, a rufe. Murɗa waya biyu a naɗe da leda, yadda ake yi wa fitilar shago, nan ne tartsatsi ke ɓuya. Makunnin a kafa shi sama, inda iska ke kaɗawa, kamu biyu ko uku daga tanki. Mun zaɓi wanda sai an danne ne domin kada a kunna a tafi hira jarka ta cika ta malale. Da ka ɗaga yatsa, mai ya tsaya.

Wasu za su ce me ya sa ba za a sa wa wayoyin maƙalai kawai ba, a riƙa maƙalawa a kan batir idan an tashi aiki? Saboda lokacin maƙalawa da lokacin cirewa ne tartsatsi ke fita, kuma a jirgi batir da tanki maƙwabta ne.

Idan an gama, a goge duk man da ya ɗiga, a fitar da tsumman daga jirgi, a jira wari ya tafi, sannan a mayar da wayar batir. A buɗe bawul, a danna makunni. Da farko famfon zai yi ƙara da sauri, idan mai ya iso sai ƙarar ta yi nauyi. In rabin minti ya wuce mai bai zo ba, a saki, a duba kibiya da mahaɗu, domin barinsa yana aiki a bushe yana kashe shi. In mai ya zo, a bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda. Takarda ta fi ido gaskiya.

Lokacin juyewa

Fasinja su sauka, inji a kashe, ba sigari, ba murhun mai shayi a kusa. Jarka a ƙasa take zama, a kan turɓaya, ba a cikin jirgi ba, ba a bayan mota ba, ba a kan babur ba. Tiyon ya kai har gindinta domin mai ya taru a hankali, kada ya riƙa faɗowa daga sama yana kumfa. Idan daga duron ƙarfe ake juyewa zuwa wani duron ƙarfe, a haɗa jikinsu da waya kafin a buɗe murfi. Kada a cika jarka fal, a bar kamar yatsu uku, domin fetur yana kumbura da zafi. An gama, a rufe bawul tukuna, sannan a tsiyaye tiyo a toshe.

Wani amfanin famfon shi ne fitar da ruwa. Litar fetur ba ta kai nauyin litar ruwa ba, kusan kashi uku cikin huɗu ce, don haka ruwan da ya shiga tanki a gindi yake kwanciya, daidai inda inji ke sha. Tara abin da ya fara fitowa a kwalbar gilashi, ka ajiye ta ɗan lokaci. Idan akwai ruwa za ka ga layi ya raba su. Haka idan damina ta sauka za a jingine injin ban ruwa na watanni, a tsiyaye tanki da kafireto, domin tsohon mai yana zama danƙo ya toshe ƙananan kafofi. Kuma a lura: man injin jirgi irin Yamaha Enduro a gauraye yake da baƙin mai, yawanci kashi 1 cikin 50. Ƙaramin janareton Tiger zai sha shi, amma babur da injin ban ruwa hayaƙi za su yi, filogi ya yi baƙi. A yi wa jarkarsa alama. Gurɓataccen mai kuwa kada a zuba shi a kogi, ko kwata, ko kusa da rijiya.

Idan tsautsayi ya gitta

Wanda ya haɗiyi fetur, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba. Haɗarin ba a ciki yake ba, a huhu yake: wajen amai ne man ke sarƙewa ya shiga huhu, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kumbura shi. A wanke masa baki, a cire rigar da ta jiƙe, a kai shi asibiti, musamman idan yana tari ko numfashinsa ya canza. Ga Babban Asibitin Tsafe, a Gusau kuma ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Yara sun fi shiga wannan hali, saboda ana ajiye fetur a gorar lemo su ɗauka abin sha ne. Wanda kuma ya mayar da zuƙa da baki sana'a ya sani cewa a cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini idan ya daɗe yana shiga jiki.

Wutar fetur ba a kashe ta da ruwa, man zai hau kan ruwan ya bi shi da wutarsa. Yashi ake zubawa, ko a yi amfani da tukunyar kashe gobara mai gari. Bokitin yashi ya kasance a wurin tun kafin a buɗe bawul. Ƙuna kuma a zuba mata ruwa mai sanyi na minti 20, kada a shafa ƙwai, ko man goge baki, ko baƙin mai.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa famfon da ake juye gas da shi bai dace da fetur ba?
2. Jera waɗannan yadda suke bin juna daga tanki: famfo, bawul, dogon tiyo, matata. Me zai faru da inji idan aka manta bawul a buɗe?
3. Famfo yana tura lita 100 a awa. Awa nawa zai ɗauka ya juye duro mai lita 200? Jarka nawa mai lita 25 za a tanada, idan ba za a cika kowace fal ba?
4. Yaro ya sha fetur daga gora. Faɗi abu biyu da za a yi, da abu biyu da ba za a yi ba.

Kafin zama na gaba, kowa ya duba inda ake ajiye mai a gidansa, ko shagonsa, ko gonarsa. Ya lura da wuri mafi kwari a wurin, da abin da ke iya tartsatsi kusa da shi, ya rubuta ko ya zana a littafinsa. Masu tiyon zuƙa su zo da shi aji, za mu ɗaura masa ƙwallon roba tare.